Sunan Da Za A Rubuta Ƙarƙashin Lamba Sha Huɗu

Saint-Fons, ranar Talata

Assalamu alaikum, Sani.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka Paris lafiya, kuma ɗakin da ka kama a Montreuil bai cika sanyi ba. Allah ya sa ka shiga garin nan da ƙafar dama, ya tsare ka a metro da wurin aiki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da waɗanda za su yi maka dariya a fuska su cuce ka a baya. Mamanka na gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko ka fitar da yajin da ta sa maka a cikin takalmi, don ta san halinka, sai ka yi wata ba ka buɗe jakar ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Tun ranar Lahadi da muka raka ka gar, tashar jirgin ƙasa, ban iya zama wuri ɗaya ba. In shiga ɗaki, in fito, in sauka ƙasa in zagaya mota, in dawo. Mamanka ta ce na hana ta ko yankan albasa cikin natsuwa. Sau uku na ɗauki waya zan kira ka, sau uku na ajiye, domin na san yadda za a yi: ka ce mini "Papa, ça va, ça va," ni kuma in tambaye ka ruwan sama, mu kashe. Abin da ke cikina ba na waya ba ne, shi ya sa na zauna na ɗauki biro.

Maganar lamba sha huɗu ce. Ka riga ka ji cewa komiten kulob ɗinmu na besbol zai zauna Asabar ta sama don a yi wa lambarka ritaya, tunda ka bar Lyon. Ka san al'adar: a zana lambar a kan allo, a rubuta sunan mutum a ƙarƙashi, a kafa a jikin shingen fili, daga ranar ba wanda zai sake sa riga mai wannan lamba. Na ga yadda fuskarka ta yi haske da aka gaya maka, ko da ka yi kamar ba komai. To, akwai abin da ba ka sani ba game da lambar nan, ni na ɓoye maka shi shekara tara, kuma ba zan shiga taron nan ba sai ka sani.

Ka tuna Baba Isufu. Ai ba za ka manta ba, shi ya koya maka riƙon sanda tun sandar ta fi ka tsawo. Ni da shi mun haɗu a masana'anta, ni daga Damagaram, shi daga Maradi, dukanmu ba mu taɓa ganin besbol ko a hoto ba. Bernar, wanda har yau yake cikin komite, lokacin abokin aikinmu ne. Wata Asabar ya zo yana roƙo, wai su takwas ne kuma wasan ba ya yiwuwa sai da tara, mu zo ko tsayuwa mu yi. Muka je don kunya. Ni na buga ƙwallo na ruga wajen hagu maimakon dama, mutane suna ta ihu, ni ina zaton yabo ne. Isufu kuwa aka ba shi wurin da kowa ke gudu, wato mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafke abin da aka jefo. Ya sa ƙarfen fuska, ya tsuguna, ya ce da ni, "Na Damagaram, wannan ai aikinmu ne, mu da muka girma muna cin tuwo a tsugune." Tsugunon nan da ya yi, bai tashi ba sai bayan kusan shekara ashirin, kuma duk tsawon lokacin lamba sha huɗu ce a bayansa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, wajen bugu Isufu ba ya da hannu. In ya riƙe sanda, ƙwallo ta wuce kafin ya yanke shawara. Amma babu mai jifan da ya taɓa tsayawa gabansa bai samu natsuwa ba. In yaro ya ruɗe, sai ya tashi ya taka wurinsa a hankali, ya ce masa wani abu a kunne, ka ga yaro ya yi dariya ya dawo hayyacinsa. Yatsunsa uku sun karkace saboda ƙwallo. Cikin azumi ya sha yin wasa da kayan nan masu nauyi a tsakiyar zafi, bai taɓa cewa a canja shi ba. Shi ke zuwa da sassafe ya zana layukan fili da farar ƙasa. Shekarar da kulob ya kusa mutuwa don rashin mutane, shi ya bi gidajen ma'aikata ɗaki ɗaki har ya kawo samari biyar.

Ga kuskurena na farko. Da aka zaɓe ni shugaban komite, ni ne baƙin mutum na farko da ya hau kujerar, kuma kai, abin ya shiga kaina. Ina jin kamar duk idon Saint-Fons a kaina yake, ana jira in karkata wajen ƴan uwana a ce ai dama. Sai na zauna na rubuta doka da hannuna: ba za a yi wa lamba ritaya ba sai an duba littafin wasa, an ga bugun mutum da nasarorinsa a rubuce, kuma lamba ɗaya suna ɗaya. Kowa ya tafa mini, aka ce shugaba mai tsari. Ni kuwa na san ba don tsari na yi ba, na yi ne don in sami abin fakewa. Sani, a sabon aikinka za su ba ka takardu ka auna mutane da su, wane ya yi kaza, wane bai kai ba. Ka cika takardar yadda aka ce, amma ka tashi daga buro, ka bar teburin ofis, ka je ka ga wa ke buɗe ƙofa da safe, wa ke gyara ɓarnar wasu ba tare da ya faɗa ba. Kuma duk dokar da za ka rubuta, ka tambayi kanka ko tsoro ne ya riƙe maka biron.

Da gwiwoyin Isufu suka gaza, likita ya ce ya daina tsugunawa, Bernar ne da kansa ya kawo maganar a yi wa sha huɗu ritaya. Bature ne fa ya kawo, ba ni ba! Mu bakwai ne a komite. Kafin a ɗaga hannu na ji wani daga ƙarshen tebur ya ce ƙasa ƙasa, "Évidemment, ai dama, ɗan uwan shugaba ne." Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi a wuya. Uku suka ɗaga hannu, uku suka ƙi, saura ni. Na buɗe littafin wasa, na gyara tabarau, na karanta bugun Isufu da ƙarfi kamar mai karanta laifin ɓarawo, sannan na ce doka doka ce, bai kai ba. Bernar ya dube ni ya ce, "Laminu, da gaske kake?" Na ce da gaske nake. Mutumin nan na ƙarshen tebur har hannu ya ba ni bayan taro, ni kuma, tir, na ji daɗi. Ko sunansa na manta yanzu, bai yi shekara biyu a kulob ba ya tafi abinsa. Don in burge wannan mutum na kayar da wanda muka ci abinci kwano ɗaya shekara ashirin.

Ka ji ni da kyau a nan, don abin zai same ka, ko ba a fili ba, a ofis. Za a zo ranar da ɗan ƙasarku zai cancanci abu, kuma kai ne mai faɗa, sai ka ji tsoron a ce ka yi son kai. In bai cancanta ba, kada ka ɗaure masa gindi don yana jin Hausa. In kuwa ya cancanta, ka faɗa da babbar murya, mai gunaguni ya yi ta yi. Hana mutum haƙƙinsa don a yaba maka shi ma son kai ne, kuma ya fi muni, domin mai yinsa yana tafiya yana ganin kansa adali.

Wannan shi ne kuskurena na biyu, na uku kuwa ya fi ba ni kunya. Ban gaya masa da bakina ba. Na bar Bernar ya kai masa labari. Ranar Juma'a Isufu ya zo gidanmu bayan masallaci kamar yadda ya saba, ya zauna a kujerar nan ta kusa da taga, mamanka ta kawo shinkafa da miyar gyaɗa. Ya ci, ya yaba, yana jira. Na san jira yake. Ni kuwa na kama surutu a kan cunkoson motoci, da sabon shef, wato shugaban aiki, da aka kawo mana a masana'anta, da ciwon bayan da ke damuna. Har ya wanke hannu ya tashi ban taɓo maganar ba. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya yana gyara hula, ya ce, "To, Na Damagaram, babu wani labari?" Na ce babu, sai alheri. Ya ce madalla, ya sauka. Da a ranar na ce masa, Isufu, na ji tsoro ne, na yi maka ba daidai ba, na rantse da ya zage ni tas, mu yi dariya, a wuce wurin. In ka ɓata wa mutum, Sani, ka je da ƙafarka tun abin yana da zafi. Kada ka aika, kada ka rubuta saƙo a waya, kada ka jira wai sai ya huce.

Yanzu ga inda ka shigo ciki, kuma ka sani tun yanzu ba ka da laifi ko ƙwaya ɗaya. Tunda ba a yi wa lambar ritaya ba, rigar ta koma cikin akwatin kulob. Bazarar da ta biyo baya aka ɗaga ka zuwa wasan manya, kana da shekara sha shida, aka ce ka zaɓi lamba. Ka dawo gida da gudu kana cewa, "Papa, na ɗauki ta Baba Isufu!" Don ƙauna ka ɗauka, na sani. Mamanka tana tsaye tana guga, ta ajiye ƙarfen ta ce, "Malam, an tambayi mai rigar?" Na ce riga ta kulob ce, ba ta kowa ba. Ta ce, "A garinku haka ake yi? Yaro ya sa rigar babba ba shi ya miƙa masa ba?" Na daka mata tsawa, na ce nan ba Damagaram ba ne. Ta ɗauki ƙarfenta ta ci gaba da guga, amma kwana biyu ba ta dube ni ba.

Ta fi ni gaskiya nesa ba kusa ba. Da na kama hannunka mun je gidansa, na ce ga ɗanka yana son lambarka, da shi da kansa zai sa maka ita, ya yi maka addu'a, ƙila har ya yi hawaye. Da abin ya zama kyauta. Ni na mayar da shi ƙwace, don kawai ba na son in haɗa ido da shi.

Ran Lahadi ya zo kallo, yana ɗingishi, ya tsaya a bayan shinge. Ka fito da sha huɗu a bayanka. Ina kallonsa daga benci. Ya daɗe yana duban rigar, sannan ya kira ka, ya gyara maka wuyanta ya ce, "Ta zauna maka, ɗana." Kai ka yi ta murna ka ruga cikin fili. Da ya zo wucewa ta gabana sai ya ce, "Shugaba, sannu da aiki." Tun da muka san juna bai taɓa ce mini shugaba ba. Duk da haka ban tashi daga bencin ba. Bai kai ƙarshen wasan ba ya tafi, kuma kafin kaka ya ajiye aikin masana'anta ya koma Paris.

Ka tambaye ni me ya sa Baba Isufu ya tafi ba sallama, na ce maka aiki ya samu a kasuwar Rungis. Aikin gaskiya ne, yana tuƙa ƙaramar motar ɗaga kaya, amma ba shi ya kore shi daga Lyon ba. Na yi maka ƙarya da rabin gaskiya, irin ƙaryar da ta fi wuyar kamawa. Da Sallah ta zo ya kira ni. Na ga sunansa a waya, ina riƙe da ita tana ruri har ta katse. Na ce zan kira da yamma in na shirya abin faɗa. Yau shekara tara ke nan ina shirya abin faɗa. Kada ka yi wa ƴaƴanka haka in Allah ya ba ka su. Yaro yana iya ɗaukar labarin cewa ubansa ya yi kuskure. Abin da ke yi masa nauyi shi ne ya girma ya tarar an bar shi yana yawo da abin da bai san asalinsa ba.

Kai, kaina ya yi zafi. Na tashi na sha ruwa na dawo, mamanka tana tambaya ko wasiƙar ta gwamna ce.

Bari in faɗi abin da ban saba faɗa ba. Mu iyayenmu ba su yabon ɗa a gabansa, ni ma haka na tashi, shi ya sa duk wasan da ka yi sai dai in ce maka ka gyara tsayuwarka. Sani, ka iya wasan nan. A duk shekarun da na yi a filin nan ban ga wanda ya kai ka bugu ba. Ranar da ka fitar da ƙwallo har bayan shinge ta faɗa lambun tsohuwar nan mai kare, na shiga bayan ɗakin kaya don kada a ga fuskata. In littafin wasa za a bi, in dokar da na rubuta za a bi, babu mai ja da kai. Ina alfahari da kai, na faɗa, ga shi a rubuce.

Amma allon nan suna ɗaya yake ɗauka. Na yi ƙoƙarin a sa biyu, na je wurin Bernar jiya da rana, ya yi dariya mai ciwo ya ce, "Wa ya rubuta dokar, Laminu?" Sababbin ƴan komite ba su san Isufu ba, ba su taɓa ganinsa ba, su kai suka sani, kuma suna ganin sun yi mini gata ne da za su ɗaga sunan ɗana. Jiya ma ɗaya ya tare ni a bakin fili yana taya ni murna. In sunanka ya hau shingen nan, sha huɗu ta zama taka har abada, shekarun da mutumin nan ya yi a tsugune sun shafe, ba sauran wurin da za a tuna shi. Kuma da hannuna za a yi hakan sau biyu.

Don haka ga abin da zan yi ranar Asabar, na so ka ji daga wurina kafin wani ya kira ka. Zan tashi in ba su labarin nan duka kamar yadda na ba ka, har da mutumin ƙarshen tebur, har da wayar da ban ɗauka ba. Zan ce a rubuta Isufu a ƙarƙashin sha huɗu. In aka zo kan sunanka, ba zan ɗaga hannu ba. Ban san yadda za ta kaya ba. Tsofaffi biyu na san suna tare da ni, Bernar bai ce komai ba tukuna, sauran kuwa za su ɗauka na zautu. Ƙila su rinjaye ni, ƙila in rinjaye su, ka rasa abin da ka yi shekara tara kana yi wa gumi. Na san abin da nake ɗauke maka. Wancan karon na cuci abokina don in wanke sunana, kuma tun Lahadi nake tambayar kaina ko yanzu ɗana zan cuta don in wanke zuciyata. Ban sami amsar da ta kwantar mini da hankali ba. Abin da na sani kawai shi ne kai kana da shekara ashirin da biyar, ga kulob a Paris suna jiranka, za ka sa wata lamba ka cika ta da kanka. Shi kuwa ba zai sake tsugunawa ba.

Abu ɗaya nake roƙonka, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Isufu yana nan Montreuil, a gidan ma'aikatan da ke kusa da ƙarshen layin metro na tara, ba nisa da kai. Wani ɗan Maradi da ke zuwa masallacinmu ya tabbatar mini. Ka je kafin Asabar, da rana, bayan ya huta daga aiki. Kada ka je hannu sake, ka sayi dabino mai kyau. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda aka koya maka, ba gaisuwar tsaye ta ƴan Paris ba, ka tambayi gwiwoyinsa da iyalinsa na gida. Sannan ka gaya masa ba ka sani ba sai yanzu. Kada ka ba shi haƙuri a madadina, wannan nawa ne, na jinkirta shi ya isa. In ya yarda, ka kira ni kana zaune a gabansa ka miƙa masa wayar. In ya ce ba ya so, kada ka matsa masa, ka sha shayinsa ka tashi. Ranar Lahadi bayan taron zan hau jirgi in zo da kaina, ya rufe mini ƙofa in ya ga dama.

Kai kuma, in ranka ya ɓaci da ni, kana da dalili. Ka yi fushinka. Amma ka kira ni ka faɗa mini, ka ɗaga murya in kana so, da Faransanci ma in Hausar ta ƙi fitowa, zan saurara har ka gama. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in kira ka, ka ga sunana, ka bar ta tana ruri.

Allah ya tsare mini kai a garin da ba ka da kowa, ya kiyaye fitarka da shigarka, ya sa albarka a aikinka da hannunka. Ka riƙe salla, ka ci abinci mai zafi, ka sa rigar sanyi ko da ka ga rana. Allah ya ba ka zuciyar da ta fi tawa ƙarfi, ya sa ka yafe mini.

Mahaifinka,
Laminu